Labarin inabin Galisiya ga 'yan uwa na gida

Assalamu alaikum. Masu tambayata me na gani a Sifaniya da ya bambanta da gida, yau inabi zan ba ku labarinsa. Ina aiki a tashar kifi a yankin Galisiya, can arewa maso yamma, kan iyaka da Fotugal. Ko'ina ka juya a ƙauyukan da ke kewaye da garin Cambados, gonar inabi ce, har bayan ɗakin tsohuwa.

Irin da suke nomawa sunansa Albariño. Giya suke yi da shi, fara mai ɗan ruwan ɗorawa. Ni Musulmi ne, ba na sha, kuma ba kiran kowa nake yi ya sha ba; noman da kasuwancin ne suka ɗauki hankalina. 'Ya'yan dai na ci su: ƙanana ne, ɓawonsu da kauri, ga ƙwallaye a ciki, zaƙi na tafe da tsami mai kaifi. Masu shan giyar suna cewa ƙamshinta na lemun tsami ne da tuffa, da ɗan gishiri-gishiri da suke dangantawa da iskar teku. Da sanyi suke shanta, kuma kusan kullum da abincin ruwa: gasasshen kifi, da wani abu mai baƙin ɓawo da ake kiwo a jikin igiyoyi a mashigin Arousa, da dabbar nan mai hannu takwas da suke dafawa su yayyanka, su zuba man zaitun da gishiri da garin tattasai. Irina kuwa sai ka ce a ba ka mosto, ruwan inabi ne zalla da bai zama giya ba, ana samunsa a gidajen abinci.

Ruwan sama a nan ya kai milimita 1,600 a shekara, wajen ninki biyu na abin da Kano ke samu, kuma laima ita ce babbar abokiyar gabar inabi. Don haka ba sa barinsa kusa da ƙasa. Ginshiƙan dutse suke kafawa, su ja waya a sama, itacen ya hau ya yi rumfa da mutum zai bi ta ƙarƙashi a tsaye. Iska na ratsawa, funfuna ba ta samun wurin zama. A watan Satumba za ka ga masu girbi hannu a sama wuni guda, suna yanka da almakashi suna jerawa a ƙananan akwatunan roba, ba a cika su maƙil don kada na sama ya murƙushe na ƙasa.

Wannan akwatin ya sa na tuna da inabin Kudan a jihar Kaduna. Manomanmu sun nuna ƙasar tana bayarwa, amma da kayan sun bar gona, sunan Kudan ya ɓace, mai saye a bakin titi bai san daga ina suka fito ba. Nan kuwa tun 1988 doka ta killace sunan Rías Baixas, wato sunan yankin da ake noman inabin nan, wanda Cambados ke cikinsa. Akwai hukuma mai bin gonaki, tana ƙayyade yawan abin da za a girba a kowace hekta, tana manna tambarinta a bayan kwalba. Wanda gonarsa ba ta cikin yankin ba shi da ikon rubuta sunan. Gonakin ƙanana ne ƙwarai, rabon gado ya yayyanka su, shi ya sa ɗaruruwan manoma suka haɗu a ƙungiyoyi masu ma'auni da wurin sanyaya kaya na kansu. Manomi ya kai kayansa a auna nauyi, a auna zaƙi, a ba shi takarda, babu dillalin da zai tare shi a hanya ya karya masa farashi don ya ga kayan za su lalace. A ganina nan ne suka fi mu, ba a ƙarfin aiki ba. Cambados ma tana yi wa inabin biki a farkon Agusta tun 1953.

Ta fannin miya dai gida ya fi. Yajinsu ba ya ko motsa harshe, daddawa da kuka sai wani ya taho da su daga gida, mangwaron kanti kuma tsada ba daɗi. A gaishe da kowa da kowa, musamman manoman Hunƙuyi da ke can Kudan.