Yawon tarihin 'yan katako a Oshkosh: na ji daɗi har sai da na yi tambaya

Ranar Asabar na yanki tikitin yawon ƙafa da wani ƙaramin kamfani ke shiryawa a Oshkosh, jihar Wisconsin ta Amurka, kan tarihin attajiran katako na garin. Mahaifina ɗan katako ne a Na'ibawa, da ƙamshin dusar itace na girma, don haka da zumuɗi na je.

Farkon tafiya kam madalla. Jagoranmu dattijo ne mai fara'a. Ya tsayar da mu a bakin kogin Fox, daf da inda yake faɗawa tafkin Winnebago, ya bayyana yadda ake sako gumaguman itace daga dazukan arewa ta kogin Wolf, ruwa ya yi dakonsu har bakin injin yanka. Ya ciro guntun katako fari mara nauyi daga aljihu, ya miƙo mana. Da na shinshina, wallahi sai da rumfar Baba ta faɗo min a rai. A lokacin na ce kuɗina bai tafi a banza ba.

Da muka zo kan Philetus Sawyer ne abin ya lalace. An haife shi a 1816, ya iso Wisconsin a 1847, ya yi arziki da katako, ya yi magajin gari, ya zauna a majalisar wakilan Amurka daga 1865 zuwa 1875, sannan majalisar dattawa daga 1881 zuwa 1893. Duk jagoran ya faɗa daidai, amma sai zuba yabo yake kamar maroƙi a gidan biki.

Sai na ɗaga hannu na tambayi batun 1891. A shekarar Robert La Follette, wani lauya ɗan siyasa, ya ce Sawyer ya yi masa tayin kuɗi a wani otal a Milwaukee don ya shawo kan alƙali Robert Siebecker, surukin La Follette ɗin, a shari'ar tsofaffin ma'ajin jihar da suka riƙe kuɗin ruwa na asusun gwamnati. Sawyer na cikin waɗanda suka tsaya musu, idan sun faɗi aljihunsa zai ji a jika. Shi kuwa ya ce kuɗin ɗaukar lauya ne kawai. Alƙalin dai janyewa ya yi daga shari'ar.

Dattijon ya dubi agogonsa, ya ce lokaci ya ƙure, ya juya. Mun kuma yi kusan rabin awa bayan nan yana lissafa mana tagogin gidajen masu kuɗi!

Wannan ya ƙona min rai, har yanzu yana cina. Ban ce ya yanke wa mutumin hukunci ba, ya faɗi abin da kowane ɓangare ya ce mana. Ko dazukan da aka share ƙarƙaf bai ambata ba, balle leburorin da suka yi saran cikin hunturu.

Na rubuta wa kamfanin wasiƙa tun daren ranar. Yau kwana tara, shiru.