Tambarin Asali da na Kwaikwayo a Jikin Tsohuwar Bindiga

Ƙaramar bindigar da aka ƙera a Liège ta Beljiyam tana ɗauke da haruffan ELG cikin zobe mai siffar ƙwai, shaidar an gwada bututunta da albarushi. Daga 1893 aka ɗora wa zoben kambi.

Maƙeran Darra Adam Khel a Pakistan kuwa da hannu suke kwafar tambarin bindigogin Ingila. Sai ka ga harafin N ya juya baya a kalmar ENFIELD, sunan wata masana'antar bindigogi ta Ingila, ko tambarin Sarauniya Biktoriya haɗe da shekarar da ta wuce 1901, alhali ta riga ta rasu. Gwanintar hannunsu tana burge ni matuƙa. Amma tambarinsu ado ne kawai, babu gwajin da ya tsaya masa, don haka kada a kuskura a harba irin wannan.