Jakar Goyo ta Ƙirji: Sharhin Uban da Ke Amfani da Ita

Jakar goyon da ake ratayawa a ƙirji ta daɗe a shagunan kayan jarirai na kasuwar Sabon Gari a Kano, amma galibi mata ne ke sayenta, su gwada ta kwana biyu, sannan su koma ga zani da majanyi. Ni kuwa don kaina na saya, lokacin da maiɗakina ta koma bakin aiki bayan hutun haihuwa, rainon yamma ya dawo hannuna. Wadda nake magana a kanta ba ta wani fitaccen kamfani ba ce. Tana da maratayi biyu na kafaɗa, da faffaɗar ɗamara a ƙugu, da maɓallan roba masu ƙara idan sun kama.

A wajen uwa, jakar ba ta kai zani ba, kuma duk mai shagon da ya ce ta fi shi ciniki yake nema. Zani ya fi araha, ya fi saurin bushewa bayan wanki, yana kuma buɗe cinyoyin yaro yadda ƙugunsa ke buƙata. Amfanin jakar yana wajen namiji ne, wanda ba a koya masa goyo ba tun yana yaro kamar yadda aka koya wa ’yan’uwansa mata, kuma ba zai ɗaura zani ya fita ƙofar gida ba. Tana zama daidai a kan kaftani ko jallabiya (babbar riga dai sai a cire ta), hannuwa biyu suna sake, mutum ya iya shanya kaya, ya duba aikin makarantar babban yaro, ko ya taka zuwa kanti, jariri yana barci a jikinsa.

Ba mamaki irin wannan kaya ya yi ƙarfi a Suwidin. Kamfanin BabyBjörn na can ya fitar da jakarsa ta farko a 1973, shekara guda kafin ƙasar ta mayar da hutun haihuwa na iyaye biyu a 1974, kuma a yau ma’aurata suna raba kwana 480, an keɓe wa kowannensu 90. A nan Najeriya sai a 2021 gwamnatin tarayya ta amince da hutun haihuwa na ranakun aiki 14 ga ma’aikatanta maza, wanda hidimar suna ke cinye kusan rabinsa, ya kuma ƙare tun mai jego ba ta yi arba’in ba. Ɗan kasuwa da mai sana’ar hannu ko wannan ba su da shi. Saboda haka rabon uba a raino yana faɗowa ne tsakanin la’asar da isha’i, da kuma tsakar dare idan ciwon ciki ya hana yaro barci, kuma a waɗannan lokutan ne jakar ta biya kuɗinta: yaron da ya ƙi shimfiɗa yakan yi shiru idan aka manna shi a ƙirji ana zagaya tsakar gida da shi, uwarsa ta samu ta runtsa.

Wanda zai fita da ita ya shirya jin magana. Tambayar farko a majalisa ita ce “Ina uwarsa?”, kamar dai yaron ɓata ya yi, wani kuma ya jefo “mijin-ta-ce” cikin raha. Ban ga dalilin jayayya ba, tunda ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama ’yar Zainab, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya sake ɗaukarta.

Aibin jakar na farko zafi ne. Yadinta mai kauri ne, an cusa masa soso, kuma a watannin Afrilu da Mayu ni da yaron muna jiƙewa sharkaf cikin ɗan lokaci, har ƙurajen zafi suka feso masa a wuya. Mai saye ya nemi wadda bayanta raga ce. Na biyu, maɓallin da ke tsakanin kafaɗu a baya yana da wuyar kaiwa da hannu, sai an nemi mai taimako, abin da ke rage amfaninta ga mutumin da aka bar wa yaro shi kaɗai. Idan kuma miji da mata suna karɓa-karɓa, kowane lokaci sai an sake daidaita igiyoyin gaba ɗaya.

Abin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne mazaunin. Yawancin masu arahar suna da siririn mazauni wanda ke barin ƙafafun jariri suna reto, alhali abin da ake so shi ne yadin ya tallafe cinya daga bayan gwiwa zuwa bayan gwiwa, gwiwoyin su ɗan fi ɗuwawu tsayi. Tawa tana da maɓallin faɗaɗawa, shi ya sa na zaɓe ta. Dole fuskar yaro ta kasance a buɗe ana ganinta, haɓarsa kada ta danne ƙirjinsa, kansa kuma ya zo kusa da haɓar mai ɗauke da shi. Ba a juya shi ya fuskanci waje sai wuyansa ya yi ƙwari, wajen wata shida, kuma ba a hawa babur ko tsayawa gaban murhu da shi a ciki.

Ina ba da shawarar sayenta ga gidan da uba zai yi amfani da ita da gaske, kuma shi ya kamata ya je shagon da kansa tare da yaron, ya gwada ta a jikinsa, ya ja ɗinkin maratayin da ƙarfi kafin ya biya.