Allunan ofis masu yadi: yadda aka wanke mana namu a Apapa

Duk wanda ke aiki a ofis irin na zamani a Legas ya san allunan nan masu yadi da ake raba teburan ma'aikata da su, kowa da ɗan lungunsa da kwamfutarsa. Kullum ana share ƙasa, ana goge tebur da gilashin taga, amma su ba mai waiwayarsu sai in za a soka musu fil a maƙala takarda. A watan Yulin da ya wuce muka ɗauko wani ƙaramin kamfanin tsabtace ofisoshi daga Surulere ya wanke mana namu, kuma tun daga lokacin 'yan uwa masu ofisoshin fito da na canji ke tambayata ko aikin ya ci kuɗinsa. Ya ci. Abin da ya fi burge ni da su shi ne tsantsenin da suka yi da ruwa, domin a garin nan jiƙa yadi ba wuya, busar da shi ne aiki.

Ni ce ke kula da harkokin ofis a wani kamfanin jigilar kaya. Motocinmu na ɗauko kwantena daga tashar Apapa da ta Tin Can su kai Kano da Kaduna da Maiduguri, ofishin kuma yana hawa na ɗaya, daf da titin da tireloli ke kwana a layi. Wanda ya san Apapa ya san abin da ake shaƙa: hayaƙin gas na manyan motoci, da na janaretonmu da na maƙwabta, ga ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu. Duk wannan a kan yadin yake sauka, ya shige cikin saƙarsa. Sai damina ta kama, musamman Yuni da Yuli, lokacin da danshin iska a Legas kan haura kashi 80 cikin 100. Juma'a da yamma a kashe esi a rufe tagogi, Asabar da Lahadi ƙurar ta yi ta shan laima. Litinin da safe kana buɗe ƙofa warin fumfuna zai buge ka. Allunan da aka sayo shuɗaye sun koma ruwan toka, inda mutane ke jingina kai ya yi baƙi da man gashi, can ƙasa kuma ga ɗigon shayi da man ja. Muna da wata abokiyar aiki mai asma, tana shigowa sai tari da atishawa, har ta mai da teburinta bakin ƙofa. Saboda ita ne na matsa wa Alhaji, maigidanmu a kamfanin, har ya sa hannu a kan kuɗin.

Mai sharar ofishinmu, baiwar Allah mai ƙwazo, ta taɓa gwada wanke allo ɗaya da omo da soso. Da farko ya fita fes, da ya bushe sai ga wani zobe ruwan ƙasa ya kewaye wurin, bayan 'yan makonni kuma wurin ya fi ko'ina dauɗa. Haka ruwa yake yi: ya kwashi dauɗa ya kai ta bakin inda ya jiƙa ya ajiye, sabulun da ba a ɗauraye ba kuma yana da danƙo, ƙura yake kamawa. Ba laifinta ba ne, ba ta da injin da zai zuƙe ruwan.

Kafin a yi ciniki shugaban ma'aikatansu ya zo ya duba. Bayarabe ne da ya tashi a Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa tar. Bai fara da maganar kuɗi ba. Ya bi allunan yana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, ya tsuguna ya ɓalle murfin ƙasa inda wayoyin wuta da na intanet ke bi, ya haska da fitilar wayarsa. Ya ce, "Hajiya, kayanku iri biyu ne. Waɗannan ƙarfe ne da soso a ciki, za su ɗauki ɗan ruwa. Waɗancan na jikin bango katakon gari ne da aka matse aka manna masa yadi da gam. In suka sha ruwa za su kumbura, gam ya saki, yadin ya yi ciki." Ya nemi 'yar takardar da masu ƙera kayan kan liƙa a jiki, mai haruffan da ke nuna irin wankin da yadi ke ɗauka: W na ruwa, S na sinadarin da ba ruwa a cikinsa, X kuwa zuƙar ƙura kaɗai. Namu na hannu aka sayo, ba takarda ko ɗaya. Sai ya nemi wani saƙo a bayan kabad, ya ɗiga maganinsu, ya danna farin ƙyalle ya ɗaga ya duba ko launi ya zuba. Bai zuba ba. Ya ce yadin roba ne, irin wanda aka fi yi wa waɗannan alluna, kuma yana wankuwa.

Wasu biyu da muka fara kira kafin shi, ta waya suka yanke mana farashi ba tare da sun ga kayan ba, ɗaya ma ya ce injin wankin mota mai feshi da ƙarfi zai kawo. Sun fi sauƙi ƙwarai, amma araha ba ta ado, kuma a ƙarƙashin allunan nan wayoyin wuta ne shimfiɗe.

A maganar kuɗi akwai abin da ya kamata mutum ya buɗe ido a kai. Fuska suke ƙirgawa, ba allo ba, wato allon da ke tsakanin tebur biyu kuɗin biyu ne. Takardar farko da suka turo ba ta faɗi haka ɓaro-ɓaro ba, kuma ba a sa harajin VAT na kashi 7.5 a ciki ba, sai da na tambaya suka sake rubutawa. Mun bi tare mun ƙirga fuska 86, muka sa hannu. Alhaji ya ce a ba su kashi 70, sauran sai an ga yadda kayan suka kwana. Sun ɗan yi ja-in-ja, suka yarda. Duk da haka abin da suka caja bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da wani kafinta a Mushin ya nema don sake wa allunan yadi ba, shi kuma sai an kwance ofis ɗungurungum an tsai da aiki.

Asabar muka sa, ƙarfe 8 na safe. Sai wajen 11 suka iso, wai cunkoso ya riƙe su a Ijora. Ban ji daɗi ba, domin duk mai zuwa Apapa ya san da asuba ake fitowa, kuma kowace awa da aka rasa da safe daga lokacin bushewa aka cire ta. Ga shi babu wuta, sai janaretonmu aka tayar, man da aka ƙona wunin nan kuma daga aljihunmu ya fito, don ba a yi maganarsa a ciniki ba. Wanda zai ɗauke su ya sa wannan a rubuce tun farko.

Da suka fara kuwa ban ga abin kushewa ba. Su biyar ne. Sun kashe wutar da ke shiga soket ɗin allunan, suka lulluɓe kwamfutoci da firinta da leda, suka zare duk wani fil da ƙusar takarda suka tara a kofi. Daga nan sai zuƙar ƙura a bushe, kuma wannan ya ci kusan rabin lokacin aikin. Injinsu mai matatar HEPA ne, wadda ke riƙe ƙura mai laushi ba ta mai da ita cikin ɗaki. Har na fara ƙosawa, na ce wa shugaban yaushe za a fara wankin. Ya buɗe cikin injin ya nuna mini: wani baƙin gari mai laushi, da maiƙo-maiƙon hayaƙi a jikinsa. Ya ce duk abin da bai fita a bushe ba, in ruwa ya taɓa shi taɓo zai zama a cikin yadin.

Sannan suka fesa magani sama-sama, daga ƙasa zuwa sama don kada ya gangaro ya bar layi, suka bi da buroshi mai laushi, suka ba shi 'yan mintuna. Injin ɗaurayar yana da ɗan kai kamar tafin hannu, na roba garai-garai, ana ganin abin da ke wucewa ta ciki. Yana fesa ruwan ɗumi yana zuƙewa nan take. Na tsaya ina kallo: jan farko ruwa ya fito baƙi ƙirin, sai ya koma ruwan ƙasa, sai ya washe. Kowane ja ɗaya da ruwa sai sun bi shi da ja biyu ko uku ba ruwa, zuƙa kawai. Na taɓa allo bayan sun wuce, sanyi kawai na ji, hannuna bai jiƙe ba. Na jikin bango masu katako ba su sa musu injin ruwa ba sam, kumfa suka shafa suka zuƙe. Kowane layi aka gama sai a kafa masa fankar ƙasa mai ƙarfi tana hura shi a kaikaice, esi kuma na aiki yana janye danshi. Allon da ya kwana a jiƙe a daminar Legas kamar shanyar da ruwa ya bi ta ne, warin da za ta yi ya fi na kafin a wanke.

Akwai wani yaro a cikinsu ɗan Gombe, shi ke bin tabo. Na zauna kusa da shi lokacin da yake fama da wani tabon man ja a lungun ɗaya daga cikin akawunmu. Bai goga ko sau ɗaya ba. Ya ɗiga magani a farin ƙyalle, ya riƙa dannawa yana ɗagawa, daga bakin tabon zuwa tsakiya, duk inda ƙyallen ya yi ja ya naɗe ya juya sabon wuri. Na ce masa, "Malam, da ka dirza ai da ka gama tuni." Ya ce, "Hajiya, in na dirza ƙara tura shi ciki zan yi, kuma yadin zai tashi gashi." Tawadar biro da sifirit ya cire ta, kaɗan-kaɗan da auduga. Da La'asar ta yi ya tambaye ni inda muke salla, kuma shi ne ya hana ɗan uwan aikinsa juye ruwan dauɗar a wurin alwalarmu, ya nuna masa ban-ɗaki. Wannan ya yi mini daɗi har raina.

Ba komai ne ya fita ba, kuma tun ranar dubawa shugaban ya faɗa. Tsatsar da ƙusoshin takarda suka bari ta dushe amma tana nan in ka matsa kusa. Allunan bakin taga da rana ta ƙoɗar sun yi tsabta, launinsu bai dawo ba, yanzu ma bambancinsu da sauran ya fi fitowa. Biyu kuma na kusa da inda esi ke ɗiga, fumfuna ta riga ta shiga cikin katakon, ya ce ko an wanke fuskar za ta dawo, gara a canza su, kuma ya cire su daga lissafi. Mai neman kuɗi ido rufe da ya wanke ya karɓa ya tafi.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne turaren da suka fesa a ƙarshe ba tare da sun tambaya ba, wani mai ƙamshin lemon tsami mai hawa kai. Don mai asma aka yi aikin nan gaba ɗaya, na kuma gaya musu haka tun farko. Sai da na sa maigadi ya buɗe tagogi ranar Lahadi da rana ta fito, ya bar fankokinmu na aiki, kafin ƙamshin ya lafa. Ƙamshi mai ƙarfi ma yana iya ɓoye warin danshin da ya rage, har mutum ya kasa gane ko kaya sun bushe da gaske. In za ku kira irin waɗannan mutane, ku ce musu ba turare, ku maimaita da safen aikin.

Litinin da safe na riga kowa zuwa na bi layi-layi da hannu da hanci. Duk sun bushe ƙayau, ban da huɗu a lungun baya inda iska ba ta kaiwa, waɗanda aka yi a ƙarshe da magariba ana sauri. Wani siririn layi ruwan goro ya fito a gindinsu, alamar danshi ya taɓa katakon ya jawo launinsa waje. Makarar safen nan ce ta haifar da shi. Na ɗauki hoto na tura wa shugaban ta WhatsApp. Bai yi musu ba. Laraba bayan an tashi aiki ya zo da yaron nan ɗan Gombe da fanka biyu, suka shafa wani magani mai ɗan tsami, suka zuƙe, suka tsaya har ya bushe a gabansu. Uku sun fita sarai, ɗaya ya bar inuwa kaɗan a bayan kwandon shara. Ba su nemi ƙarin ko sisi ba, a daren Alhaji ya tura musu cikon kuɗinsu.

Abokiyar aikinmu ta koma lungunta na da. Ba zan ce wanki ya warkar da ita ba, tana nan da maganinta a jaka, amma atishawar safiyar Litinin ta ragu ƙwarai, warin nan kuma babu shi. Shawarar da shugaban ya ba mu ita ce wanki na gaba a yi shi a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, hunturu ya gama zubar da ƙurarsa, ruwa bai kankama ba, kaya su bushe da wuri. A tsakani kuma a riƙa bin allunan da injin zuƙar ƙura duk mako. Mun sayi ƙarami a Alaba mun ba mai shararmu, Juma'a bayan an sauko daga masallaci take bi da shi. Allunan nan biyu masu fumfuna mun fitar da su baranda, kafinta zai zo ya auna su, an kuma kira mai gyaran esi ya toshe inda yake ɗiga kafin a kafa sababbi.