Fakejin hutun Lombok da muka biya: tsibirin ya yi, kamfanin kuma da sauransu

Masu ta tambayata kan tafiyar nan ta Lombok, ga amsa a wuri guda kowa ya gani. Tsibirin ya yi ɗari bisa ɗari, kamfanin da ya shirya mana tafiyar kuma in zan ba su maki shida cikin goma ne, huɗun da na cire kusan duk akan maganar dutse ne. Ba zan kama sunansu ba, sun san kansu.

Lombok a Indonesiya take, gabas da Bali, ruwa ne kawai ya raba su. Bali kowa ya san ta amma galibin mutanenta 'yan Hindu ne, nan kau ƙabilar Sasak ne kuma musulmi, har kirari ake mata da tsibirin masallatai dubu, abin da ya sa ma maman yara ta yarda kenan. Kuma ba ƙarya, ko ina ka tsaya kiran sallah zai same ka, ba ruwanka da tambayar wa ya yanka naman nan. Juma'a mun yi ta a babban masallacin Islamic Center na Mataram, 'yan Shafi'iyya ne, bisimilla a bayyane, suna ganin baƙar fata da hula kube sai gaisuwa da neman hoto kamar sun ga wani gwamna.

Inda kamfanin ya yi ƙoƙari shi ne biza, don bizar Indonesiya ga mai fasfo ɗin Najeriya ba wasa ba ce, su suka bi ta har ta fito, sai dai a fara da wuri. Hanya kam akwai nisa, Katsina zuwa Abuja, Abuja zuwa Doha, Doha zuwa Jakarta, sannan wani jirgin zuwa Lombok, kuma sun riga mu da awa 7, kana shirin kwanciya mutanen gida na fitowa la'asar suna ta kiranka. Direban da suka turo yana filin jirgi da takarda ɗauke da sunana, otal ɗin da ke garin Senggigi tsaf, ruwan zafi da esi duk suna aiki.

Abinci shinkafa ce safe rana dare, wanda bai iya kwana biyu ba tuwo ya shirya. Amma akwai kazarsu ayam taliwang, 'yar ƙarama ce a gasa ta da barkono, wallahi mu da muke taƙama da cin yaji sai da na nemi ruwa. Kuɗinsu rufiya, dala ɗaya ta haura dubu 15, sai ka canza kuɗi kaɗan a miƙo maka miliyan.

To yanzu maganar dutse. Sunansa Rinjani, tsayinsa mita 3,726, shi ne na biyu a tsawo cikin duwatsu masu aman wuta na Indonesiya, kuma ba wai ya mutu ba ne, a cikin bakinsa akwai tafki Segara Anak, a gefen tafkin kuma wani ƙaramin dutse Barujari wanda ya yi amai a 2015 har tokarsa ta sa aka rufe filayen jirgi. Tun kafin in biya na tambayi mai kamfanin ya hawan yake, ya ce mani “Alhaji ai ɗan tattaki ne, Hajiya ma za ta iya.” Ɗan tattaki fa! Daga ƙauyen Sembalun muka fara da safe, farko fili ne na ciyawa rana na dukanka, daga nan hanya ta miƙe sama ba sassauci, ba mu kai bakin ramin ba inda ake kafa tanti sai dab da magariba, wajen ya haura mita 2,600. Allah ya taimaka maman yara ta kalli dutsen tun daga ƙasa ta ce “Baban yara ku je ku dawo lafiya”, ta yi zamanta a masauki, ni da ƙanena muka hau.

Masu ɗaukar kaya su ne suka ban mamaki. Mutum da silifas ɗan soso, gora a kafaɗa da kwando gaba da baya, tanti da tukunya da ƙwai da abarba duk a ciki, ya wuce ka yana ma shan taba, kafin ka iso ya kafa tanti ya soya ayaba ya haɗa shayi. Su ya kamata a yi ma ihsani hannu da hannu, kar ka ba kamfani ya ba su. Birai kuma suna nan suna jiran ka juya baya, ɗaya ya zuge jakar ƙanena ya kwashe biskit muna kallo.

Da dare sanyi ne wanda ba a gaya mana ba, a takardar da suka turo ba inda aka rubuta rigar sanyi ko safar hannu, sai da muka yi hayar jaket a hannun jagoranmu da kuɗin da bai cikin lissafi. Masu zuwa ƙololuwa wajen ƙarfe 2 na dare suke tashi da fitila a goshi, hanyar kuma toka ce da tsakuwa, ka taka gaba ta zame da kai baya. Ƙanena ya kai, ni a bakin ramin na tsaya, kuma ganin da na yi da asuba ya ishe ni, tafkin shuɗi can ƙasa, gajimare a ƙarƙashin ƙafarka, sai tasbihi kawai. Jagoran ya ce wannan ramin gaba ɗaya gurbin wani dutse ne Samalas da ya fashe a 1257, har a ƙanƙarar ƙarshen duniya masana sun samu alamar aman nasa. A hanyar dawowa ta arewa ya riƙa nuna mana gidajen da aka sake ginawa bayan girgizar ƙasa ta 2018 wadda ta kashe sama da mutum 500.

Mai hawan jini, mai ciwon gwiwa, dattijo, kar wani ejan ya ruɗe ku. Kuma daga Janairu zuwa Maris a rufe dutsen yake saboda damina.

Bayan mun sauko, ƙafa kamar ba tawa ba, sai tsibiran Gili, kwale-kwale mai inji daga tashar ruwa ta Bangsal. Uku ne, Trawangan, Meno da Air, duk babu mota babu mashin mai hayaƙi, sai keke da keken doki. Bakatsine dai in ya ga doki sai ya duba, kuma dawakin ƙanana ne, wasu lodin ya yi masu yawa, ni ƙafa na riƙa bi. A Trawangan kamfanin suka kama mana ɗaki, can ne wajen kiɗa da shaye-shayen turawa har tsakar dare, bayan na gaya masu da iyali nake. Washegari muka koma Gili Air da kuɗinmu, nan ne hankali ya kwanta, kunkurun ruwa har kusa da gaɓa suke zuwa. A kudu kuma a je Tanjung Aan, yashinta ƙwaya-ƙwaya kamar gero.

In za ku bi ta wannan fakejin ku ce a rubuta maku ƙarara bakin rami ne ko ƙololuwa, wane Gili ne, kuma kayan sanyi na cikin kuɗin ko babu. Kuɗin ɗakin Trawangan da ba mu ƙarasa kwana ciki ba sun ce za su maido, har yau dai “Alhaji a ƙara haƙuri” nake gani a WhatsApp.