Sharhi kan makamin Tomahawk: abin da ya iya da abin da ya kasa a Siriya

Sau biyu cikin shekara guda da 'yan kwanaki shugaban Amurka Donald Trump ya ba da umarnin kai wa Siriya hari saboda amfani da makamai masu guba, kuma duka biyun makamin da aka fi dogara da shi shi ne Tomahawk, makami mai linzami na kamfanin Raytheon. A ganinmu makami ne mai kyau ƙwarai wajen faɗa wa gini ko rumfar da ba ta motsi ba tare da an sa ran matuƙi cikin haɗari ba. Amma idan manufa ita ce raba gwamnati da gubar da take zuba wa mutanenta, ba kayan aikin ba ne, kuma dalilin yana cikin ƙirarsa.

Samfurin da ake kira Block IV tsawonsa ya kai mita 6.25 idan an haɗa da rokar da ke cilla shi, kaurinsa kuwa rabin mita da ɗan ɗoriya. Rokar tana ɗaga shi daga cikin jirgin ruwa na 'yan daƙiƙoƙi, ta faɗi, fukafukai su buɗe, sai ƙaramin injin jet ya karɓi tafiya. Yana gudun kusan kilomita 880 a sa'a, wato bai wuce jirgin fasinja ba, yana kuma cin zangon kusan kilomita 1,600. Kariyarsa ita ce tafiya ƙasa-ƙasa, yana bin kwari da gindin tsaunuka yadda na'urar hango jirage ba za ta gan shi da wuri ba. Hanyoyin gane hanya huɗu gare shi: na'urar cikin jikinsa mai lissafin motsi, tauraron GPS, wata na'ura mai auna tudu da gangaren ƙasa tana gwadawa da taswirar da aka ɗora masa, sai kyamara da ke gwada abin da take gani da hoton da aka ba shi idan ya kusa isa. Ana iya canza masa inda zai faɗa yana cikin tafiya ta hanyar tauraron ɗan adam. Kan da ke fashewa nauyinsa kilo 450 ne. A riƙe wannan adadi, domin shi ne iyakar makamin.

Ranar 4 ga Afrilu 2017 aka jefa iskar sarin mai guba a garin Khan Shaikhun na lardin Idlib, mutum fiye da 80 suka mutu, da yara a cikinsu. Kafin asubar 7 ga wata jiragen ruwan yaƙi biyu, USS Ross da USS Porter, suka harba Tomahawk 59 daga gabashin Bahar Rum zuwa sansanin jiragen sama na Shayrat a lardin Homs, inda Amurka ta ce daga nan jirgin da ya kai harin ya tashi. Amurka ta ce 58 sun sami inda aka nufa, Rasha ta ce 23 ne kawai suka isa. Hotunan tauraron ɗan adam da aka fitar daga baya sun nuna rumfunan kankare da aka huda ta sama ɗaya bayan ɗaya, da ma'ajiyar mai da ta harsasai a ƙone. Ta fuskar saiti dai makamin ya cika alkawari. Sakataren tsaro James Mattis ya ce an lalata kashi 20 cikin 100 na jiragen yaƙin Siriya masu aiki.

Sai dai ba a yi kwana biyu ba jirage suka ci gaba da tashi daga Shayrat. Ba kuskuren saiti ba ne. Ba a nufi titin jiragen ba tun farko, saboda kilo 450 ramin da zai yi a titi mai tsawon kilomita uku ba wani abu ba ne: a zuba tsakuwa, a daddaɓe, a shafe da kankare mai saurin kamawa, cikin sa'o'i an gama. Mai son rufe titin jirage sai ya yi ramuka da yawa a jere da manyan bamabamai masu nutsewa kafin su fashe, ya kuma dawo ya maimaita. Wannan aikin jirage masu matuƙa ne, abin da aka zaɓi Tomahawk don a kauce masa ke nan. Ga shi kuma an sanar da Rasha tun kafin harin, saboda akwai sojojinta a sansanin. Makamin da ke tafiya da gudun jirgin fasinja, aka kuma yi shelar zuwansa, duk abin da ke da taya zai iya matsawa.

Babbar matsalar ita ce gubar kanta. Jami'an Amurka sun faɗa da bakinsu cewa sun kauce wa wurin da suke zargin an ajiye sarin a sansanin, kuma sun yi daidai. Fashewar bam ba ta ƙone irin wannan sinadari gaba ɗaya. Tana fasa mazubi, ta watsa abin da ke ciki, iska ta kwashe shi zuwa ƙauyukan da ke kusa. Ke nan abin da ya jawo harin shi ne abu ɗaya da makamin ba zai taɓa ba.

Shekara guda cif bayan Shayrat, ranar 7 ga Afrilu 2018, aka jefa tulun iskar kulorin kan gidaje a Douma, kusa da Dimashƙu. Binciken hukumar hana makamai masu guba ta duniya, OPCW, ya ce mutum 43 suka mutu, ya kuma ɗora alhakin a kan jirgi mai saukar ungulu na sojan saman Siriya. Ranar 14 ga wata Amurka da Birtaniya da Faransa suka harba makamai 105, 66 daga ciki Tomahawk, daga Bahar Maliya da Tekun Fasha da wani jirgin ƙarƙashin ruwa a Bahar Rum. Guda 76 daga cikin 105 ɗin cibiyar bincike ta Barzeh a Dimashƙu kaɗai aka aika wa, suka mai da gine-ginenta ɓaraguzai. Masu binciken OPCW sun shiga wannan cibiya a 2017, ba su ba da rahoton ganin haramtaccen abu ba. Kulorin kuwa sinadari ne da ake tsabtace ruwan famfo da shi a kowace ƙasa, babu wata ma'ajiya guda da za a rusa a ce an gama da shi.

Kuɗinsa ma abin dubawa ne. A lokacin waɗannan hare-hare kowane guda ya kai kusan dala miliyan 1.5 ko fiye, kuma ba ya dawowa. Jirgi irin Ross ramukan harba makamai 90 gare shi, dole a bar wasu domin makaman kare jirgin kansa, kuma idan suka ƙare sai ya koma tashar ruwa kafin a sake loda masa.

Akwai wani aibi da ba na ƙarfe ba. Makamin inda aka rubuta masa nan zai je, ba ya tambayar ko bayanan leƙen asirin gaskiya ne. Mutanen Sudan sun ga haka ranar 20 ga Agusta 1998, lokacin da Bill Clinton ya sa aka rusa masana'antar magunguna ta Al-Shifa a Khartum Bahri da Tomahawk, bisa zargin tana haɗa sinadarin gubar VX. Hujjar ita ce samfurin ƙasa da aka ce an ɗebo kusa da wurin. Masana da yawa sun yi jayayya da ita, a 1999 kuma Amurka ta saki kuɗin mai masana'antar da ta riƙe. Wurin yana cikin manyan masu samar wa ƙasar maganin zazzaɓin cizon sauro da na dabbobi. Sauƙin harba makamin da babu matuƙi a ciki yana sa shugaba ya yanke hukunci da hujjar da ba za ta ishe shi tura ɗan ƙasarsa ba, kuma wannan shi ya fi damun mu.

In ana neman abin da ya rage gubar da gaske, sai a dubi jirgin ruwan Amurka mai suna Cape Ray. Bayan harin sarin na Ghouta, a gefen Dimashƙu, ranar 21 ga Agusta 2013, Barack Obama ya yi barazanar kai hari, sannan Amurka da Rasha suka cimma yarjejeniya a Janiba a watan Satumba. An fitar da kusan tan 1,300 na sinadarai daga Siriya. Mafi haɗarinsu, kimanin tan 600, aka loda wa Cape Ray a tashar Gioia Tauro ta Italiya a Yulin 2014. Injuna biyu a cikin jirgin suka riƙa gauraya su da ruwa da sinadaran kashe dafi har suka zama dagwalon masana'anta, cikin kwana 42, aka kai dagwalon Finlan da Jamus aka ƙarasa. Raunin wannan hanya shi ne abin da gwamnati ta bayyana kaɗai take kamawa. Kwamitin binciken haɗin gwiwa na Majalisar Ɗinkin Duniya da OPCW ya gano a Oktoban 2017 cewa sarin ɗin Khan Shaikhun yana ɗauke da alamomin sinadarai irin na kayan da Siriya ta miƙa a 2014.