Ƙwayar mako-mako, ƙarin ruwa ko allura: wanne ya dace bayan dashen ƙugu?

Wata 'yar'uwa daga Agege ta yi tambaya. An sa wa mahaifiyarta ƙarfe a ƙugu, likita ya ce tana da zaizayar ƙashi, kuma an zayyana musu magani uku: alendronate, zoledronic acid da denosumab. Wanne zai fi kare ƙashin da ke riƙe da ƙarfen?

Hajiya, Allah ya ba Mama lafiya. Ƙashi sai da nauyi yake ƙarfi. Da aka dasa ƙarfen a cikin ƙashin cinya, shi ya ɗauke yawancin nauyin, sai saman ƙashin ya fara ramewa, galibi a shekarar farko. Duk ukun suna rage wannan ramar. Bambancinsu yana wajen ƙodar Mama, cikinta, da abin da za ku iya ɗorewa a kai.

Alendronate, wato Fosamax, miligiram 70 ne sau ɗaya a mako, kuma shi ne mafi araha. Ƙa'idarsa ce mai wuya. Da safe kafin a ci komai, da kofi cike da ruwa zalla, sannan minti 30 a zaune ko a tsaye. Shayi, madara, koko ko ƙwayar kalsiyam suna hana jiki ɗaukarsa. Wanda ya sha bayan Asuba ya koma barci, ƙwayar na iya ƙona masa hanyar abinci. In Mama na fama da ƙwannafi ko wahalar haɗiya, a faɗa wa likita tun kafin a saya.

Zoledronic acid, wato Aclasta, miligiram 5 ne ta ƙarin ruwa, sau ɗaya a shekara, a hankali cikin aƙalla minti 15. Ba ruwansa da ciki, ba mantuwa. Amma sai an auna ƙoda: in awon yadda take tace jini ya gaza 35, ba a ba da shi, haka ma alendronate. Karon farko kan zo da zazzaɓi da ciwon jiki na kwana 2 zuwa 3, kada a ɗauka na cizon sauro ne.

Denosumab, wato Prolia, allurar miligiram 60 ce duk wata 6. Mai raunin ƙoda na iya yinta in ana auna kalsiyam ɗin jininsa. A ganinmu, kada a fara ta sai an tabbata da kuɗin ta gaba. Da an tsallake lokaci ƙashi ya dinga zubewa da sauri, har ƙashin baya na iya karyewa. Ga shi tana zama a firji, digiri 2 zuwa 8, kun kuwa san halin wuta a Legas.

Ko wanne aka zaɓa, a fara gyara bitamin D da kalsiyam, a kuma ga likitan haƙori, don cire haƙori ana kan maganin na iya barin ciwon muƙamuƙi mai wuyar warkewa, ko da yake ba kasafai ba.

Babu ɗayansu da zai ɗaure ƙarfen da ya riga ya saki, ko ya kashe ƙwayar cuta a wurin. In ciwo ya taso a cinya ko matsematsi yayin taka ƙafa, a koma wurin likitan da ya yi aikin, ko asibitin ƙashi na Igbobi, a ɗauki hoto.